Gashi zai dawo: kada zubewarsa ta raba ku da maganin ciwon daji

Ga taƙaitaccen abin da muka tattauna a shirinmu na lafiya na wannan mako, mun buga shi saboda waɗanda ba su samu kama tashar ba. Wanda ya iya karatu, don Allah ya karanta wa wanda bai iya ba, musamman iyayenmu mata.

Abin da ya jawo maganar saƙon murya ne da wani bawan Allah ya aiko mana daga wani ƙauye a yankin Ƙala'at an-Nahal. An gano uwargidansa tana da ciwon daji na mama. Ya sayar da tumaki, suka hau mota zuwa Gadarif, likita ya rubuta mata kimawi, wato maganin da ake sa wa mutum ta jijiya kamar ƙarin ruwa. Ta karɓi jur'a ta farko, suka dawo gida. Bayan mako biyu da 'yan kwanaki ta zauna tsifa, sai gashi ya riƙa biyo mataji dunƙule-dunƙule. Wasu dangi suka ce sammu ne. Wasu suka ce maganin ya fi ƙarfin jininta, in ta ƙara zai kashe ta. Yanzu ta ce ba inda za ta koma. Shi kuma yana tambaya: ya ƙyale ta, ko ya lallashe ta?

Malam, amsarmu a taƙaice ita ce ka lallashe ta ta koma, kuma a ranar da aka rubuta mata. Ga dalilai, domin kai ma ka samu abin da za ka faɗa mata.

Me ya sa gashin ke zuba?

Jikin ɗan Adam an gina shi da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani. Ciwon daji, wanda wasu ke ce wa sankara, Larabawa kuma su ce saraɗan, yana faruwa ne idan wasu ƙwayoyin suka riƙa hayayyafa ba tsayawa. Shi kimawi aikinsa ya bi jini ya kashe ƙwayar da ke saurin hayayyafa. To a jikin mai lafiya ma akwai wuraren da ƙwayoyi ke saurin hayayyafa: saiwar gashi, fatar cikin baki da hanji, da ɓargon ƙashi inda ake yin jini. Magani ba ya tantancewa sosai, yana taɓa su su ma. Shi ya sa mai karɓar kimawi ke samun gyambon baki, da kasala, da zubewar gashi.

Kan mutum yana ɗauke da gashi wajen 100,000, kuma kusan kashi 85 zuwa 90 cikin ɗari suna cikin tsiro a kowane lokaci. Lafiya lau ma mutum kan zubar da 50 zuwa 100 a rana bai sani ba. Da magani ya shiga, sai masu tsiron nan su raunana gaba ɗaya, su karye ko su fita a lokaci guda. Abin da ke firgita mutane ke nan.

Kai makiyayi ka san yadda fili ke zama a watan Afrilu, ƙasa ta tsattsage, ba ko ɗanyen ganye. Amma da ruwan farko ya sauka sai ka ga kore, domin saiwa da iri suna nan a ƙasa. Haka saiwar gashi take a lokacin kimawi. Ta tsaya da aiki ne, ba ta mutu ba.

Ku riƙe abubuwa uku. Zubewar gashin nan ba sammu ba ce, ba kuma alamar ciwon ya ƙaru ba ce. Ba a ɗaukarta daga wani, kamar yadda shi kansa ciwon daji ba a ɗaukarsa ta cin abinci a ƙwarya ɗaya, ko kwana a ɗaki ɗaya. Sannan ba ita ce ma'aunin aikin magani ba: wani gashinsa ba zai zuba ba kuma maganin yana yi masa aiki sarai.

Ba kowane magani ke zubar da gashi ba

Magungunan ciwon daji iri-iri ne. Akwai wani ja kamar zoɓo, sunansa doksorubisin, ana yawan haɗa shi da saiklofosfamaid ga masu ciwon mama. Wannan kusan kowa gashinsa na zuba. Shi ne kuma ke sa fitsari ya yi ja na kwana ɗaya ko biyu, wanda launin maganin ne kawai. Faklitaksel da dosetaksel su ma suna zubarwa, har da gira da gashin ido. Wasu kuwa, irin su ƙwayar kafesitabin, ba kasafai suke zubar da shi duka ba. Ƙwayar tamoksifen da mata ke sha na shekaru bayan kimawi, iyakarta ta rage wa gashi cika ga wasu.

Jinyar haske, wadda ake kira ishi'a a asibitocinmu, ita tata daban. Gashin wurin da aka haska kaɗai ke zuba. In ƙirji da hammata aka haska, gashin kai ba abin da zai same shi.

Don haka tun ranar farko ka tambayi likita: wannan maganin zai zubar da gashi? Yaushe? Ka roƙe shi ya rubuta maka sunan maganin a takarda. Tambaya ba rashin kunya ba ce, haƙƙinka ne.

Yaushe yake farawa, yaushe yake dawowa?

Galibi yakan fara ne mako biyu zuwa uku bayan jur'a ta farko. Kafin nan wasu kan ji fatar kai tana zafi ko ƙaiƙayi, kamar an yi kitso mai tsauri. Cikin wata ɗaya zuwa biyu yawancinsa ya tafi. Maza kan rasa gemu da gashin baki, gashin hammata da na sauran jiki ma kan tafi.

Bayan jur'a ta ƙarshe da 'yan makonni za a fara ganin wani laushin gashi kamar na jariri. Cikin wata uku zuwa shida ya rufe kai. Gashi na tsiro wajen santimita ɗaya a wata, saboda haka kafin ya kamu a kitso sai an yi haƙuri, yakan kai shekara ko fiye. Sabon gashin kan zo da wata kama, ya fi laushi, ko launinsa ya sauya, ko furfura ta riga baƙi fitowa. Yawanci yana komawa yadda yake a hankali.

Gaskiya ɗaya da ba za mu ɓoye muku ba: akwai 'yan kaɗan da gashinsu ba ya dawowa da cikarsa ta da, musamman bayan dosetaksel, ko in an haska kai da haske mai ƙarfi. In wata shida ya wuce da gama magani ba a ga tsiro ba, a faɗa wa likita. Akwai maganin shafawa mai suna minoksidil da kan taimaka wa tsiro, amma sai da izininsa.

Haɗarin tsayar da magani

Nan ne fa wurin da rai ke ciki. Yawancin kimawi ana ba da shi ne duk bayan kwana 21, wani duk mako. Ba haka kawai aka zaɓi kwanakin ba. An auna ne yadda ɓargo zai farfaɗo ya sake yin jini, amma ciwon bai samu damar farfaɗowa ba. In aka karɓi jur'a ɗaya ko biyu aka gudu, ciwon zai ci gaba da girma, ya iya yaɗuwa zuwa ƙashi, ko hanta, ko huhu. Wanda ya dawo bayan wata shida, sau da yawa abin da za a iya warkarwa da farko ya koma sai dai a rage masa raɗaɗi. Ga tumakin an sayar, ga gashin ya riga ya zuba, ga ciwon yana nan.

Ciwon mama shi ne kan gaba a cikin ciwon dajin da ke kama mata a Sudan, kuma babbar matsalarmu ita ce zuwa asibiti a makare. Wadda Allah ya sa ta isa gaban likita har aka fara mata magani, kada a bari maganar gashi ta mayar da ita baya.

Mun san tafiyar ba sauƙi. A da mutanenmu Khartum suke zuwa, asibitin Zarra da aka buɗe tun 1967, ko cibiyar ciwon daji ta Jami'ar Jazira da ke Wad Madani. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya tsayar da aikin Khartum, a Disambar 2023 kuma ya kai Madani. Majinyata da yawa suka kwararo cibiyar ciwon daji ta Gadarif, masu buƙatar haske kuwa suka riƙa dogon zango har Marawi a arewa. Ga damina, in laka ta jiƙe tsakanin ƙauyuka da kwalta, mota sai ta kwana a hanya. Saboda haka a yi lissafi tun da wuri. In ranar jur'a ta faɗo cikin ruwa, a taso da kwana biyu a sauka wurin dangi a gari. In garke zai hau Buɗana da damina, mai jinya ya zauna kusa da asibiti, a wakilta wani ya bi dabbobi. In kuma dole ta sa an makara, a buga wa asibiti waya, kada a yi shiru.

Kai ɗan kasuwa mai ƙetara iyaka, takardar da ke ɗauke da sunan ciwon, da sunayen magunguna, da ranakun jur'a, ka ɗauki hotonta a waya, ka ajiye ta asali a leda. Duk asibitin da ka faɗa, a Sudan ko a Habasha, ita za su fara tambaya.

Shirin da za a yi kafin ya fara zuba

'Yar'uwa, in an ce miki maganinki mai zubarwa ne, ki tsefe kitso tun kafin jur'a ta farko. Ki cire ƙarin gashi in akwai. Kitso mai tsauri yana jan saiwa, kuma in gashi ya saki a cikin kitso yakan cukurkuɗe ya dunƙule, cire shi ya zama azaba. Mata da yawa sun fi samun sauƙi in sun rage tsawonsa da almakashi tun farko, domin ganin guntun gashi a kan matashi bai kai ganin dogo ciwo ba. Ki zaɓi wadda kika yarda da ita, 'yar'uwa ko aminiya, ta yi miki a ɗaki.

In za a aske duka, a yi da injin aski mai tsabta, a bar ɗan tushe. Ban da aska, ban da reza. Wanzamanmu muna girmama sana'arku, amma ku ji dalili: kimawi yana rage fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta, yana kuma rage masu tsayar da jini. Ɗan yankan da ba ya komai ga mai lafiya, ga mai kimawi zai iya zama gyambo ko ƙofar cuta. Saboda wannan dalili babu ƙaho, babu tsaga, babu sakiya har sai an gama magani likita ya ba da izini.

Kula da fatar kai

A wanke kai da ruwa mai ɗumi kaɗan da sabulu marar ƙarfi, irin na jarirai. A tsane da tsumma mai laushi, kada a goge da ƙarfi. In fata ta bushe, ɗan man riɗi mai tsabta ko man kaɗanya ya isa. Karkar da aka cuɗa da turare mai ƙarfi a ajiye shi tukuna, kuma a sani babu man da ke hana gashin kimawi zuba, komai tsadarsa. In ana haska kai, kada a shafa komai a wurin sai abin da ma'aikatan haske suka amince.

Man miƙar da gashi da rini a bar su har sai sabon gashi ya yi ƙarfi, wajen wata shida bayan gama magani. Mu ja kunne musamman a kan baƙin rinin nan da ake zuba wa lalle don ya yi baƙi da sauri. Guba ne da likitocin Sudan suka daɗe da sani, yana ƙona fata, yana iya taɓa ƙoda. Dukhan ma, hayaƙin ɗalih da zafinsa, a tambayi likita kafin a zauna, domin fatar mai kimawi ba ta jure abin da ta saba jurewa.

Rana kuwa kun san ta Gadarif, daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40. Fatar kan da ba ta saba ganin rana ba tana ƙonewa ko da mutum baƙi ne, wasu magungunan ma suna ƙara mata saurin ƙonewa. Malam makiyayi, tagiya ta auduga a ciki, rawani ko malfa a sama. 'Yar'uwa, ɗankwalin auduga a ciki kafin ki yafa tobi, domin yadin roba yana zamewa a kan da ba gashi, yana kuma tara zufa. Da sanyin Disamba da Janairu a kwana da hula.

Gashin ido da na hanci su ne masu tare ƙura. In sun zuba, ido zai riƙa ruwa, hanci ya riƙa yoyo. Ranar iska da ƙura a sa tabarau, a ja rawani ko gyale a rufe hanci, musamman a kasuwar dabbobi da wurin sussukar dawa.

Alamar da ba a jira da ita

Zubewar gashi ba ta kisa. Zazzaɓi a lokacin kimawi shi ne abin tsoro. Kwana 7 zuwa 14 bayan kowace jur'a ne sojojin jini suka fi raguwa. In zafin jiki ya kai digiri 38, ko ana rawar ɗari, a tafi asibiti a ranar, ko da tsakar dare ne, a kuma gaya musu ana karɓar kimawi. Kada a ce maleriya ce a sayi ƙwaya a kanti a kwanta. Yankinmu akwai maleriya, akwai kala'azar, gwaji ne kaɗai zai bambance. Haka in fatar kai ta yi ƙuraje masu ruwa, ko jini ya ƙi tsayawa. A sayi ma'aunin zafi a ajiye a gida, a kwana cikin gidan sauro, madara kuma a tafasa ta kafin mai jinya ya sha, ta saniya ce ko ta raƙumi.

Maganar hular sanyi

Wani mai sauraro daga Hawata ya ce ya ga wata hula a Facebook da ke hana gashi zuba. Akwai ta. Na'ura ce mai sanyaya fatar kai lokacin da ake sa magani, sanyin ya matse jijiyoyi, maganin da ke isa saiwar gashi ya ragu. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da irinta ta farko a 2015. A wani gwaji da aka buga a 2017 a kan mata masu ciwon mama, wajen rabin waɗanda suka sa ta ne suka tsira da yawancin gashinsu, kuma ba ta cika aiki a kan jan maganin nan ba. Tana da tsada, tana son wutar da ba ta yankewa, ba a kuma sa wa masu ciwon daji na jini. Kada wani ya ɗaura ƙanƙara a ka da kansa ba da sanin likita ba. Duk wanda ya zo muku da wani ruwa ko gari a kasuwa ya ce yana hana zubewar, ku riƙe kuɗinku na mota. In kuma kuna shan wani sassaƙe ko jiƙo, ku gaya wa likita, domin wasu suna karo da kimawi a hanta.

Ibada da zaman gida

Mata da dama sun tambaya ko alwalarsu ta yi. Ta yi. Shafar kai ana yin ta a kan fata in babu gashi, kamar yadda mai sanƙo ke yi. Aske kai ga mace saboda larurar ciwo malamai sun yi sauƙi a kai. Hular gashi kuwa akwai saɓani, da yawa sun halatta ta ga mai larura, musamman wadda ba da gashin mutum aka yi ba. Ki tambayi malamin da kika amince da shi.

Sai mu, mutanen gida. Ga mace, kitso ado ne kuma zumunci ne, a gindin makitsiya ake hira. Wadda ta rasa gashinta takan ji kamar an fitar da ita daga cikin mata. Namiji mai gemu ma in ya wayi gari fuska fayau yakan ƙi fita masallaci. Kada a ce musu "gashi ne kawai". A saurare su, in kuka ya zo a bar su su yi.

Maigida, kalmarka ta fi ta kowa nauyi a wannan lokaci. Kada ka ƙaurace wa ɗakinta, kada ka ware mata kwano. Abokiyar zama da dangin miji, wannan ba abin gori ba ne, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Yara a gaya musu tun kafin su gani: maganin Inna mai ƙarfi ne, zai zubar mata da gashi, daga baya zai fito. In yaro ne ke jinyar, uba ya je ya sami malamin makaranta ko na allo, a bar shi ya zauna da hularsa, a kuma tsawata wa masu tsokana. A wurin karɓar jur'a za ku tarar da waɗanda suka riga ku, wasu gashinsu har ya fara dawowa. Ku zauna kusa da su, ku yi tambaya.

Malam mai saƙo daga Ƙala'at an-Nahal, ka karanta wa uwargida wannan takarda, ka karanta wa dangin da suka ce sammu ne. Ka duba katinta ka ga ranar jur'a ta biyu. In ta wuce, ka buga waya yau, za su ba ku wata rana. Ka saya mata ɗankwalin auduga biyu ko uku masu laushi, ka raka ta da kanka. Allah ya ba ta lafiya, ya ba duk masu jinya lafiya.

Mai tambaya ya aiko da saƙon murya kamar yadda aka saba, ba ma faɗin sunan kowa a iska sai da izininsa. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi magana a kan abincin mai karɓar kimawi lokacin da baki ya yi gyambo, abinci ya ƙi shiga. A huta lafiya.